Yadda Ake Cimma Manufofin Manhaja Ta Hanyar Wasa a Ajin Ƙananan Yara

Malamar da ke riƙe da ajin 'yan shekara uku zuwa biyar tana tsakanin abu biyu. Ga takardar manhaja da jerin abubuwan da ake so yaro ya iya kafin ƙarshen zango, ga kuma yara waɗanda zaman minti goma wuri ɗaya yake zame musu azaba. Abin da aka fi yi shi ne a raba yinin gida biyu: da safe a yi ta bita da ƙarfi ana maimaita haruffa da lambobi, in an gaji a sake su waje a ce su je su yi wasa. Wannan rabon yana cutar ɓangarorin biyu. Bitar ba ta zama a kai, wasan kuma ba wanda ya kalle shi balle ya san abin da yaro ya koya a ciki.

Abin da zan nuna a nan shi ne yadda ake haɗa su, wato a ɗauki manufar manhaja a saka ta cikin wasan da yaro yake so da ransa. Na rubuta kamar da malama nake magana don mata sun fi yawa a wannan aiki, amma malami namiji ma hanyar ɗaya ce.

Tunanin ya daɗe. Friedrich Froebel ya buɗe makarantarsa ta ƙananan yara a Jamus a 1837, ya gina ta kan wasa da waƙa da tubalan katako. Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko, mai suna Gidan Yara, a Roma a 1907 da kayan da yaro zai zaɓa da kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro. A 2022 kuma masu bincike a Jami'ar Kambirij suka tattara nazarce-nazarce 39, suka ga wasan da babba yake jagoranta ya fi koyarwa kai tsaye tasiri wajen lissafin farko da gane siffofi da iya sauyawa daga wannan aiki zuwa wancan. A wasu fannonin bambancin bai fito ba. A riƙe wannan, don kada a ɗauka wasa maganin komai ne.

Mataki na farko: farfasa manufar har ta zama abin da ido zai gani

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi tsallakewa. Manhajoji suna rubuta manufa a dunƙule. Ta Ingila, alal misali, ta kasa koyon ƙananan yara gida bakwai: harshe da sadarwa, ƙarfin jiki da sarrafa gaɓoɓi, zamantakewa da sarrafa rai, karatu da rubutu, lissafi, fahimtar duniya, sai zane da ƙirƙira. Kowace manhaja kike bi, za ki tarar da kusan waɗannan. Amma jimla irin "yaro ya iya ƙirga daga 1 zuwa 10" ba ta gaya miki abin da za ki nema ba.

Ɗauki wannan manufar ki tambayi kanki: in yaro ya iya, me zan ga yana yi? Rera "ɗaya, biyu, uku" har goma ba ƙirga ba ne, waƙa ce, kuma yaro ɗan shekara uku yana iya haddace ta ba tare da ya san biyar ta fi uku ba. Masana biyu, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun bayyana a 1978 cewa ƙirga na gaskiya yana tsaye kan ƙa'idoji biyar. Kowane abu lamba ɗaya yake samu, ba a tsallake shi, ba a ƙirga shi sau biyu. Lambobin suna zuwa a jere iri ɗaya kullum. Lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce adadin duka. Ana iya ƙirga kowane irin abu, har tafi da tsalle waɗanda ba a riƙe su a hannu. Kuma ko daga dama aka fara ko daga hagu, adadin bai canzawa.

Kin ga manufa ɗaya ta zama abubuwa biyar da za ki iya gani. Na ukun shi ne ya fi ɓuya. Ki ba yaro duwatsu biyar ya ƙirga, ya gama ki ce, "To nawa ke nan?" In ya ce biyar, ya kama. In ya koma ya sake ƙirgawa daga ɗaya, bai kama ba tukuna, yana ganin amsar tambayar ita ce a sake rera waƙar.

Haka za ki yi wa sauran. "Yaro ya iya mu'amala da 'yan'uwansa" ta zama: yana jiran layinsa, yana roƙon abu da baki maimakon fizgewa, yana yarda a ba shi matsayin da bai zaɓa ba a wasa. "Shirin rubutu" ta zama: yana ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, yana yin zane ya ce ga abin da ya rubuta, yana gane harafin farko na sunansa. Ki rubuta waɗannan a takarda ɗaya ki manna inda idonki zai riƙa faɗawa. Sannan ki zaɓi biyu ko uku kawai don makon. Wadda ta ɗebo goma a mako ɗaya ba za ta ga ko ɗaya da kyau ba.

Mataki na biyu: kalli abin da yaran suke yi da kansu

Kafin ki shirya komai, ki ba kanki kwana biyu ko uku kina kallo. Me suke komawa gare shi ba tare da an ce su yi ba? Wani aji za ki tarar kowa ya zama direba, kujeru sun zama motoci. Wani kuma jinya ake yi, ana ɗaure wa 'yar tsana ƙafa. Akwai yaron da aikinsa cika gwangwani da yashi ya juye, ya sake cikawa. Wannan sha'awar ita ce za ta ɗauki manufarki. Ki saurari kalmominsu ma, domin da su za ki shiga.

Mataki na uku: tantance irin wasan da ya dace da manufar

Wasa iri uku ne a aji. Akwai wanda yaro ya fara shi kuma shi yake tafiyar da shi, ke naki tsaro da kallo. Wannan ya fi amfani ga zamantakewa da ƙirƙira da ƙarfin jiki. Akwai wanda ke kika shirya wurin da manufa a ranki, amma yaro ne yake riƙe da linzamin, ke kina shiga da tambaya ko ƙarin kaya. Mafi yawan manufofin lissafi da harshe a nan suke zama. Sai wasa mai doka, irin na jefa ƙwallo cikin kwando a ƙirga, ko na tsayawa cak in an daina tafi, wanda yake horar da jira da saurare da danne zuciya.

Akwai kuma abubuwan da ba sa buƙatar a naɗe su cikin wasa. Yadda ake wanke hannu, yadda ake riƙe almakashi, sunan wannan harafin da sautinsa: a nuna kai tsaye cikin minti biyar, a wuce. Yaro ba zai gano da kansa cewa wannan zanen "b" ake ce masa ba, sai an faɗa masa. Abin da wasa yake yi shi ne ya ba shi dalilin amfani da harafin sau ashirin ba tare da ya gaji ba.

Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. In yaro ba shi da ikon cewa a'a, ba shi da zaɓi a yadda abin zai tafi, kuma amsa ɗaya ce tak ake nema, to wannan darasi ne ko da an yi shi da kaya masu launi. Ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa, kada a ƙirga shi cikin lokacin wasa.

Mataki na huɗu: saka manufar a cikin kayan

Ki raba ɗakin kusurwa-kusurwa: wurin gini, wurin kwaikwayo, wurin yashi ko ruwa, wurin zane da yanke-yanke, da lungu mai natsuwa na littattafai. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba. Kwalaye, murafen kwalba, duwatsu masu santsi, sanduna, tsofaffin tufafi, igiya, gwangwanaye marasa kaifi, duk sun wadatar. Ni na fi son irin waɗannan a kan abin wasan da aka ƙera don aiki ɗaya. Motar roba mota ce kullum, kwali kuwa yau mota ne, gobe gado, jibi jirgin ruwa, kuma a kowane sauyi sai yaro ya yi magana ya shawo kan abokinsa.

Ga yadda manufa take shiga kaya. A ce yaranki direbobi ne, manufarki kuma kowane abu lamba ɗaya. Ki zana wuraren ajiye mota shida a ƙasa da alli, ki rubuta 1 zuwa 6, ki sa ɗigo daidai adadin a ƙarƙashin kowace lamba. Sai ki kawo motocin kwali takwas. Da gangan kika sa suka fi wuraren yawa. Ba da jimawa ba wani zai zo yana ƙorafi cewa tasa ba ta sami wuri ba, kuma daga nan maganar "nawa suka rage" da "nawa za a ƙara" ta taso daga bakinsu.

In jinya suke yi kuma manufarki shirin rubutu ce, ki ajiye ƙananan takardu da fensir a teburin likita, da katunan sunayen yaran a wurin karɓar marasa lafiya. Likita dole ya rubuta magani, mai karɓa dole ya nemo katin wanda ya zo. Rubutun zai fito kamar tafiyar tsutsa, kuma haka ake so a wannan shekarun.

Kada ki zube kayan duka rana ɗaya. Ki fitar da kaɗan, ki ɓoye saura, bayan mako ki sauya. Ki kuma duba lafiya: in akwai 'yan ƙasa da shekara uku, a kawar da duk abin da zai shige bakinsu gaba ɗaya, musamman ƙananan batura masu kama da maɓalli da fasassun balan-balan. Ruwa ko kaɗan ne ba a barin yaro da shi babu babba a kusa.

Mataki na biyar: ba wasan lokaci mai tsawo

Minti goma sha biyar ba ya isa. Yara suna cinye kusan wannan wajen rabon matsayi da jayayya kan wa zai zama wa, sai wasan ya fara nisa a buga ƙararrawa. Ki ware minti 45 zuwa awa ɗaya a jere, ko da hakan na nufin rage yawan darussan da ke jadawali.

Akwai tsari mai kyau da ya fito daga shirin makarantar Perry, wanda David Weikart ya fara a jihar Mishigan ta Amurka a 1962: a tsara, a yi, a waiwaya. Kafin a watse, kowane yaro ya faɗi inda za shi da abin da zai yi. "Zan gina gada" ya isa. Bayan wasa a taru minti goma, wasu su ba da labarin abin da suka yi, ko ya tafi yadda suka tsara, me ya hana. Wannan waiwayen ne yake mai da abin da hannu ya yi ya zama magana da tunani. A binciken da aka yi kan shirin an bi yara 123 har suka manyanta, aka ga waɗanda suka shiga shirin sun fi waɗanda ba su shiga ba kammala sakandare da samun abin yi. Sai dai a tuna malami ɗaya yara biyar ko shida yake riƙewa a can, kuma ana ziyartar iyaye a gida kowane mako. Tsarin ne abin ara, sakamakon kuwa ba a yi wa kowa alkawarinsa ba.

Wasan waje shi ma manhaja ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, 60 daga ciki mai sa haki. Gudu da hawa da rataya su ne suke ƙarfafa kafaɗa da hannun da zai riƙe fensir daga baya.

Mataki na shida: shiga wasan ba tare da kin kashe shi ba

Wannan shi ne mafi wuya. Malama ta ga yara suna gini cikin nishaɗi, sai ta tsuguna ta ɗaga tubali ta ce, "Wannan wane launi ne? Wace siffa ce?" Nan take wasan ya mutu, yaran suka amsa don su rabu da ita. Ta mai da wasa jarrabawa.

Ki fara da zama kusa, a tsayinsu, ki yi shiru minti ɗaya ko biyu har ki gane labarin da suke ciki. Sannan ki shiga a matsayin ɗaya daga cikin mutanen labarin. A asibitin kwali, ki zo riƙe da 'yar tsana:

"Sannu da aiki, Likita. Yarinyata ce ba ta yi barci ba jiya."

"Zazzaɓi ne. Ki ba ta magani."

"To, Likita. Guda nawa zan ba ta?"

"Uku."

"Taimaka ka ƙirga mini a hannuna, kada in yi kuskure."

Ya ɗebo murafen kwalba yana sakawa a tafinki: ɗaya, biyu, sai ya zubo biyu tare ya ce uku. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki shimfiɗa su a tebur ki ce, "Bari in gani, na safe, na rana, na dare... af, Likita, wannan fa na yaushe ne?" Zai duba, ya ɗauke ɗaya. Ya gyara da kansa, kuma har yanzu shi ne likita. In kin ga ya kama, ki ƙara masa nauyi kaɗan: "Na kwana biyu fa, nawa zan tafi da su?" In ya rikice, ki janye ki koma uku.

Abin da masanin nan na Rasha Lev Vygotsky ya yi bayani ke nan: akwai abin da yaro yake iyawa shi kaɗai, akwai wanda bai kai gare shi ba sam, a tsakaninsu kuma akwai wanda yake iyawa in an ɗan tallafa masa. A wannan tsakiyar koyo yake faruwa, kuma nan ne wurin zamanki.

Tambayoyin da suke buɗe baki su ne irin "Yaya aka yi ya tsaya bai faɗi ba?", "Me zai faru in muka ƙara ɗaya?", "Me kake buƙata yanzu?" In kin yi tambaya ki ƙirga biyar a zuci kafin ki sake magana, domin ƙaramin yaro yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗa amsa. Sabuwar kalma kuma a jefa ta a inda take aiki: yana zuba ruwa, ki ce "ya cika maƙil", "ya kai rabi", "ya malalo". Da zarar kin ga sun ci gaba ba sa waiwayarki, ki zame.

Mataki na bakwai: rubuta abin da kika gani

In ba a rubuta ba, ranar da shugaban makaranta ya tambayi ina shaidar an koyar da manhaja, ba ki da abin nunawa. Ki riƙe ƙaramin littafi a aljihu. Kowace rana ki sa ido kan yara huɗu ko biyar kawai, ta yadda a mako ɗaya ko biyu kin zagaye ajin. Ki sa kwanan wata, sunan yaron, da abin da ya yi ko ya faɗa, yadda ya faru. "Yana da ƙoƙari a lissafi" ra'ayi ne, ba zai amfane ki ba bayan wata guda. "Ya jera motoci shida yana taɓa kowace, na ce nawa, ya ce shida bai sake ƙirgawa ba" shaida ce. A gefe ki rubuta manufar da ta dace. Zanen yaro da kwanan wata a bayansa shi ma shaida ne. In za ki ɗauki hoto, sai da izinin iyaye da na makaranta.

Kada ki yanke hukunci da gani ɗaya. Sai kin ga abu sau biyu ko uku a wasanni daban kafin ki ce ya zauna.

Mataki na takwas: bari rubutun ya tsara mako mai zuwa

Ƙarshen mako ki ɗauki rabin awa ki jera bayananki kusa da takardar manufofi. Za ki ga kashi uku: waɗanda suka kama suna jiran ƙari, waɗanda suke kan hanya, da waɗanda ba ki gan su kusa da manufar ba sam. Na ƙarshen nan sau da yawa ba gazawa ba ce, kusurwar ce ba sa zuwa. Yaron da bai taɓa zama teburin zane ba, kai masa rubutun inda yake: alli a filin waje, ko takardar da zai zana ginin da ya yi kafin a rushe. In kuma manufa ta yi mako biyu ba ta fito a wasan kowa ba, ki tara yara biyar-biyar ki koyar da ita kai tsaye na ɗan lokaci, sannan ki mayar da ita cikin kaya.

Abubuwan da za su taso

Aji mai yara da yawa ba ya hana wannan, amma yana buƙatar doka. Ki ƙayyade adadin da kowace kusurwa take ɗauka, ki rataya katuna daidai adadin a bakinta. Wanda ya tarar katin ya ƙare ya nemi wani wuri ko ya jira. Mako biyun farko za su tafi wajen koyon wannan da mayar da kaya mazauninsu, kuma ba asarar lokaci ba ce, manufar zamantakewa ce ake cimmawa.

Rigima kan kaya za ta faru kullum. Kada ki yi saurin raba gardama. Ki riƙe abin da ake faɗa a kansa, ki bar kowa ya faɗi nasa, ki maimaita matsalar a taƙaice, ki tambaye su mafita. Sau da yawa abin da za su kawo ya fi naki karɓuwa a wurinsu. Yaron da yake wasa shi kaɗai ko a gefen wasu ba tare da ya shiga ba, kada a tilasta masa. Tun 1932 wata mai bincike kan wasan yara, Mildred Parten, ta bayyana irin wannan a matsayin abin da aka saba gani ga ƙanana. Amma in ya kai shekara uku ba ya haɗa kalmomi, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a yi magana da iyaye su kai shi a duba jinsa da ci gabansa.

Sai iyaye, waɗanda za su zo su ce kullum yaro ya dawo ya ce wasa aka yi, ina littafin da aka cika? Suna da haƙƙin tambaya, kuma dogon bayani kan masana ba zai gamsar da su ba. Ki buɗe littafinki ki karanta musu abin da ɗansu ya yi ranar kaza, ki nuna layin manhajar da ya dace da shi, ki ajiye zanensa na farkon zango kusa da na yanzu. In da hali ki gayyace su su zauna minti ashirin a aji da takardar manufofin a hannu, su yi alama duk inda suka ga ɗaya ta bayyana. Masu neman aikin gida kuma ki ba su wanda za a yi da baki da hannu: yaro ya ƙirga takalman da ke bakin ƙofa, ya ware wanki manya da ƙanana, ko ya ba da labarin abin da ya gina yau, babba ya rubuta masa a takarda ya kawo aji da safe.